COKALI ƊAYA A TUKUNYA

Shafi na 6

Assalamu alaikum. Ku yi min afuwa kan shirun kwana uku, sau biyu na rubuta wannan shafin ina gogewa. 'Yar uwar da ta ce na cika bayanin labule a shafi na biyar, na ji kuma na gode, yau na rage. Labarina na farko ne, don Allah ku ci gaba da gyara min.

Ga waɗanda suka shigo yau: Auta ce ke ba da labarin. Ummanta ta yi shekara ashirin da takwas tana dafa wa ɗalibai abinci a makarantar kwana. Kawu ƙanin Umma ne, a hannunta ya tashi, yanzu shi ne babban kuku a gidan abincin da ya fi kowanne tsada a garin. Wata takwas ke nan ya daina zuwa gida, babu faɗa babu dalili. Umma ta ce tunda ya ƙi zuwa ya ci nata, ita za ta je ta ci nasa ba tare da ya sani ba.

*

Minti arba'in da biyar muka yi a zaune bayan mun faɗi abin da za mu ci, ko ruwa ba a kawo mana ba.

Ni dai ban ji haushi ba, don idona bai gama kallo ba. Fitilun da ke rataye a sama kamar ruwa ne yana cikin zuba aka ce masa tsaya. Daɓen ƙasa har hoton takalmina yake ɗauka. Mutane suna magana ƙasa-ƙasa, cokulansu ma ba sa ƙara. A bayan wani ginshiƙi aka ajiye mu, dab da ƙofar da ma'aikata ke shige da fice, amma ko a nan ɗin ji nake kamar na faɗa cikin littafi. Tun da na ga kuɗin da aka rubuta a gefen kowane abinci nake numfashi a hankali, kada a ce iskar ma da kuɗinta.

Umma kuwa cokula take kallo.

"Auta, mu nawa ne a teburin nan?"

"Mu biyu, Umma."

"To cokali shida na mene ne? Ko akwai masu zuwa?"

"Kowanne da aikinsa. Na taɓa karantawa a..."

"Kin karanta. To karanto min inda aka rubuta ruwan sha, maƙogwarona ya bushe."

Ma'aikaciyar da ta karɓi saƙonmu, wata doguwa mai ɗan tabo a haɓa, sau uku tana wucewa ta gefenmu. Kowane wucewa sai ta ce "ina zuwa" ba tare da ta juyo ba. A na huɗun ne ta zo da faranti biyu. Ta ajiye kifin Umma a gabana, kazata a gaban Umma, ta juya da sauri kamar wadda ta ajiye garwashi.

Muka musanya da kanmu.

Farantin ya kai faɗin tire. A tsakiyarsa ga yankin kifi ɗaya, ga 'yar shinkafa an dunƙule ta kamar ƙwallo, an zagaye su da jan romon tumatir, an ɗora ganye ɗaya tak a sama. Wallahi ya yi kyau. Har na ji nauyin taɓa nawa.

"Wannan na gwaji ne kafin a kawo abincin?" in ji Umma.

"Shi ne abincin, Umma."

"Da kuɗin farantin nan zan ciyar da aji guda, har malaminsu ya yi ƙari."

Na yanki kazata na dangwali romon na kai baki. Ta huce, ko ɗumi babu. Romon kuma tsami ne ya fara dukan harshena, bayansa wani ɗan ɗaci mai wari-wari ya biyo, irin wanda ke maƙalewa a maƙoshi. Na haɗiye da ƙyar. Shekara nawa ina cika wa ƙawayena baki da kawuna, ina nuna musu hotonsa da doguwar hula. Sai na ji idona yana zafi.

Umma ba ta ci nata yadda na ci ba. Ta fara kai farantin kusa da hanci. Ta buɗe kifin da gefen cokali ta leƙa cikinsa. Ta tsamo albasa uku ta jera su a bakin faranti. Sannan ta ɗebi romon kaɗan, ta sa a baki, ta rufe ido.

Ta daɗe a haka.

Da ta buɗe idon ba fushi na gani ba. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar Umma ba sai ranar.

"Shi ya dafa," ta ce a hankali.

"Anya, Umma? Ƙila wani ne cikin mutanensa."

"Dubi kifin. Ya nuna har ƙashi, bai ƙara minti ɗaya a wuta ba. Dubi albasar, kowace kamar 'yar uwarta. Hannunsa ne. Gishiri daidai, mai daidai, komai an auna." Ta ajiye cokalin. "Amma ba a ɗanɗana ba."

"Ta yaya kika gane?"

"Tumatirin wannan watan tsami gare shi. Duk wanda ya kai romon nan bakinsa zai kashe tsamin kafin ya sauke. Kuma botar da aka sa a ciki ta fara juyawa, ta soma lalacewa. Wannan ba sai an ci ba, hanci ma ya isa."

Doguwar ma'aikaciyar ta zo wucewa. Wannan karon Umma ta kama gefen rigarta da yatsu biyu.

"'Yata, tsaya. Ba faɗa zan yi miki ba."

Ta tsaya, idonta a ƙasa.

"Wa ke ɗanɗana abinci a kicin ɗinku?"

Sai da ta waiga hagu da dama kafin ta amsa. "Babban Kuku kaɗai, Mama. Doka ce. Ba mai sa cokali a tukunya sai shi. Shekara biyu da suka wuce ya kori mataimakinsa a kan haka, a gaban kowa."

"Faranti nawa aka dawo da su yau?"

Ta yi kamar za ta wuce.

"Faɗa min, ni ma mai tukunya ce."

"Bakwai. Shi ya sa muke jan ƙafa, Mama, ba raini ba ne. Duk wadda ta kai faranti ita ake zagi. Har kuri'a muke yi a bayan ƙofa."

"Kun faɗa masa?"

"Wa zai faɗa masa? Ta baya muke zubarwa kada ya gani."

Umma ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ɗauki farantin da hannu ɗaya.

"Mama, baƙi ba sa shiga can."

"Na sani. Auta, taso."

*

Ina tsammanin na ga abin mamaki a falo, ashe ban ga komai ba.

Kicin ɗin ya fi gidanmu girma. Komai ƙarfe ne fari yana walƙiya, wuta shuɗiya layi-layi, tukwane rataye daga ƙarami zuwa babba. Mutum goma cikin fararen kaya suna aiki, amma ba ka jin muryar kowa, sai ƙarar wuƙa da tafasar ruwa. Wani ya miƙa hannu baya ba tare da ya duba ba, wani ya ɗora masa kasko a ciki. Kamar jiki ɗaya ne mai hannu ashirin.

A tsakiya Kawu yake tsaye. Ya rame. Yana yanka albasa idonsa na kan wata tukunya can nesa, wuƙar na gudu a kan katako har ba na iya ganin bakinta. Na manta da abin da ya kawo mu, na saki baki kawai. A gefensa akwai ƙaramin sikeli, da wani tsohon littafi a buɗe wanda mai ya ɓata shafukansa.

"Ɗanlasa," in ji Umma.

Sunan da ta sa masa ke nan tun yana yaro, saboda ba ya barin tukunya ta je wanki bai lashe gindinta ba. Ba na jin akwai wanda ya taɓa jin sunan a wurin.

Wuƙar ta tsaya. Sauran wuƙaƙen ma suka tsaya.

"Yaya." Ya dubi farantin da ke hannunta, ya dube ni. "Yaushe kuka... me ya sa ba ku faɗa min ba? Da na sa an ba ku tebur mai kyau."

"An ba mu. Ina wurin da kuke ajiye buhuna?"

"Yaya, ina cikin aiki."

"Ko a nan zan yi maganar?"

Ya ajiye wuƙar. Ya ce wa mutanensa su ci gaba, ya wuce gaba muka bi shi zuwa wani ɗan ɗaki mai sanyi cike da buhunan shinkafa da kwalaye. Umma ta ce in ja ƙofa. Na ja, na maƙale a jikin bango.

Ta ɗora farantin a kan kwali.

"Botarka ta juya."

"Ba zai yiwu ba. Shekaranjiya aka kawo ta."

"Tun daga bakin ƙofar kicin na ji warinta. Kai kana tsaye a kanta tun safe." Ta matsa kusa da shi. "Tun yaushe, Ɗanlasa?"

"Ban gane ba."

"Ni na yaye ka. Tun yaushe?"

Mutumin da mutum goma ke tsoron inuwarsa, sai ga shi ya sulale ya zauna a kan buhun shinkafa, doguwar hular ta karkace.

"Tun zazzaɓin nan," ya ce. "Wata takwas. Na warke, da safe na haɗa shayi, sai na ji ruwan zafi kawai. Na ƙara sukari, ruwan zafi. Na ɗebi gishiri na zuba a harshe, kamar yashi. Ba na jin ƙanshi, ba na jin wari. Ko gidan nan zai kama da wuta sai dai in ga hayaƙi."

"Likita fa?"

"Uku na gani. Sun ce zai iya dawowa gobe, zai iya ƙin dawowa."

"Shi ya sa ka daina zuwa gida."

"Loma ɗaya zan yi a gabanki ki gane, Yaya. Kowa zan iya ruɗa banda ke."

Umma ta juya mana baya tana kallon kwalaye. Sannan ta juyo.

"To ka sa wani ya riƙa ɗanɗana maka mana. Kana da mutum goma, kowa da harshensa a bakinsa."

"Shekara goma sha ɗaya ina hana su. Na kori mutum a kan haka, mai 'ya'ya uku. Ranar da na miƙa wa wani cokali na ce gwada min, kafin la'asar duk garin nan ya sani. Wa zai ɗauki kukun da ba ya jin gishiri? Ban iya komai ba sai wannan, Yaya." Ya ɗago. "Kuma ke kika koya min. Cokali ɗaya a tukunya. Kullum sai kin faɗa."

Umma ta riƙe haɓa.

"Ni?"

"Ke. A kicin ɗin makaranta."

"Kai, Allah ya shirye ka. Ka san dalilin da na kafa wannan dokar? Matan da ke taya ni ne suke cinye naman yara da sunan ɗanɗano. Wannan ta gwada, waccan ta gwada, kafin a sauke sai romo. Dokar ɓarayin nama ka ɗauko tun daga can, ka kawo ta nan ka sa mata doguwar hula?"

Kawu ya dube ta. Sai wata dariya ta kufce masa, marar daɗin ji, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Ban san lokacin da dariyar ta koma wani abu ba. Na mai da idona kan rubutun wani kwali na karanta shi har sau uku.

"Bakwai aka dawo da su yau," in ji Umma. "'Yan matan nan ke shan zagi a madadinka, suna ɓoye maka."

Ya sauke hannunsa a hankali. "Bakwai?"

"Namu na takwas."

"Ina auna komai, Yaya. Komai yana cikin littafin can, ko ƙwaya ba na ragewa."

"Littafi bai san tumatirin wannan watan ba."

A lokacin ne aka ƙwanƙwasa. Doguwar ma'aikaciyar ta leƙo, fuskarta duk ta canza.

"Babban Kuku, Maigida ya shigo kicin."

*

Na zaci zan ga wani ƙato. Mai gidan abincin ɗan tsoho ne gajere, siriri, da sanda a hannun dama. A hannun hagu yana riƙe da kwanon farar miya, shi da kansa ya ɗauko daga teburin wasu baƙi. Duk kicin ɗin ya tsaya cak, wani ma da ludayi a sama.

Bai ɗaga murya ba.

"Mutanen tebur na huɗu shekara tara suna zuwa nan. Yanzu suka tashi, cokali ɗai-ɗai suka sha." Ya ajiye kwanon a gaban Kawu, ya zaro cokali mai tsabta ya miƙa masa. "Na canza mai kawo kifi. Na canza mai kawo kaji. Na sallami ma'aikata biyu a falo. Yau kai zan tambaya. Ka sha a gabana, ka faɗa min abin da ke damun miyar nan."

Ba irin wadda Umma ta ɗanɗana ba ce. Ba ta san abin da ke cikinta ba, balle ta raɗa masa. Na dube ta ina roƙon ta da ido ta yi wani abu, ko ta ce botar ce, ko ta yi tari, ko ma ta ture kwanon. Umma ta harɗe hannuwa tana kallon ƙaninta kawai.

Kawu ya karɓi cokalin. Ya ɗiba, ya kai baki. Ya juya miyar a harshe yadda na sha ganin yana yi a gidanmu, ido a lumshe. Zai iya cewa bota. Zai iya cewa gishiri. Babu wanda zai musa masa a cikin mutanen nan, shekara goma sha ɗaya ba su taɓa musa masa ba.

Ya haɗiye. Ya ajiye cokalin a hankali, ya cire hular ya riƙe a ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Ba na jin ɗanɗanon komai. Ba na jin ƙanshi. Wata takwas ke nan. Mai kifi ba shi da laifi, mai kaji ma haka, 'yan matan nan ma haka. Ni ne."

Ludayin nan da ke sama ya sauka a hankali. Wani daga cikin masu girkin ya furta "innalillahi" can ƙasan maƙoshi.

Tsohon ya dube shi.

"Wata takwas," ya ce. "Ina korar mutanen da ba su yi komai ba, kana tsaye kana kallo na."

"Haka ne."

"Cire rigar."

Farar rigar maɓalli layi biyu gare ta. Kawu ya ɓalle na farko. Hannun nan da ɗazu ba na iya ganin gudunsa, yanzu sai da ya yi ta lalube kafin ya samu na biyu. Yana kai hannu kan na uku Umma ta tako ta dafe shi.

"Ranka ya daɗe, laifin ɓoyewa nasa ne, ba zan wanke shi ba. Waɗanda aka kora ma haƙƙinsu na wuyansa, zai je ya nemo su ɗaya bayan ɗaya ko da ni zan ja shi da kunne. Amma harshensa ne ya tafi, hannunsa na nan. Ka zagaye garin nan ba za ka samu irinsa ba, kai ma ka sani."

Sai a lokacin tsohon ya lura da ita. Ya dubi mayafinta, ya dubi takalminta, ya dube ni a bayanta.

"Baiwar Allah, ke wace ce? Wa ya shigo da ke kicin ɗina?"

"Ƙafata. Yayarsa ce ni. Shekara ashirin da takwas ina ciyar da yara ɗari huɗu sau uku a rana, kuma yara ba sa jin kunyar dawo da kwano. Ka ba mu tukunya ɗaya. Shi ya dafa, ni in ɗanɗana. In ka ci ba ta yi maka ba, ni da kaina zan ƙarasa ɓalle masa maɓallan."

Babu wanda ya yi motsi.

Tsohon ya ɗaga sandarsa ya nuna doguwar ma'aikaciyar.

"Ke. Rufe ƙofar gaba, kada a ƙara karɓar baƙo. Sannan ki kawo min kujera."

"A ofis, ranka ya daɗe?"

"A nan."

Ta kawo da gudu. Ya zauna a tsakiyar kicin, ya ɗora sandar a kan gwiwoyinsa, ya cire agogon hannunsa ya ajiye kusa da kwanon miyar.

"Tukunya ɗaya," ya ce. "Ni zan ci."